Bulaliyar Majalisa a Falon Kawu: Yadda House of Cards Ke Kama Masu Kallonsa a Gida

Kawuna tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Shekara talatin da biyar ya yi tsakanin fayil-fayil a Kaduna kafin ya ajiye aiki, kuma ba mai kallon fim ba ne. Labarai yake kallo, sai tafsiri, sai ƙwallo idan jikoki sun matsa masa. Ranar da na kai masa kwalin DVD mai faifai uku, na ce masa wasan kwaikwayon Turawan Ingila ne a kan siyasa, karɓa kawai ya yi don kada ya gwale ni. Bayan sallar isha'i aka tada janareta, muka zauna mu huɗu a falonsa: shi, da wani amininsa da suka yi aiki tare, da 'yarsa mai karatun lauya, da ni.

Fim ɗin ya buɗe da wani dattijo mai furfura, fes da shi cikin kwat, zaune a ɗaki mai ƙarancin haske. Ya ɗauki hoton firaministar Birtaniya Margaret Thatcher da ke kan teburinsa, ya ƙura masa ido, ya faɗi 'yan kalmomi a kan cewa kowane mulki da ranar ƙarewarsa, ya kifa hoton. Sannan ya ɗago kai ya dube mu, ido cikin ido, da ɗan murmushi irin na wanda ya san kun gane inda ya dosa.

Kawu ya ajiye kofin shayinsa.

"Kai, ɗan nan, wannan da mu yake?"

"Da mu yake, Kawu."

Dattijon shi ne Francis Urquhart, shirin kuwa House of Cards ne na BBC, wato gidan da aka jera da katin karta, wanda numfashi ɗaya ke rusawa. Kashi huɗu ne kacal, kowanne bai cika awa guda ba. An fara nuna shi a 1990, aka bi shi da To Play the King a 1993 da The Final Cut a 1995, su ma kashi hurhuɗu. Tun daga lokacin yake yawo hannu zuwa hannu, da farko a kaset ɗin bidiyo, daga baya a faifan DVD, sannan a sabon bugu da aka wanke hotonsa a 2013. Masu kallo na biyun nan, waɗanda ba su gan shi a daren da aka watsa shi ba, su ne suka dame ni. Abin da suke gani ya bambanta da abin da mutanen Birtaniya suka gani a 1990, kuma a ganina su ne suka ga fim ɗin na ainihi.

Makon da fim ya riga labarai

Ranar 13 ga Nuwamba 1990 Geoffrey Howe, wanda ya riƙe wa Thatcher ma'aikatar kuɗi da ta harkokin waje, ya miƙe a majalisa ya yi jawabin ajiye aiki, cikin sanyin murya ya yi mata kaca-kaca. Washegari Michael Heseltine ya fito neman kujerarta. Ranar Lahadi 18 ga wata BBC ta nuna kashi na farko, da kifa hoton nan da komai. Ranar Talata 'yan majalisa na jam'iyyar Conservative suka kaɗa ƙuri'a, ita tana Faris wajen taro: ta samu 204, Heseltine ya samu 152. Ta fi shi, amma ƙa'idar jam'iyya na neman tazara mai faɗi, ƙuri'a huɗu suka rage mata. Ministocinta suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata ba za ta kai labari ba, ranar Alhamis ta janye. Kashi na biyu ya fito Lahadi, ranar Talata John Major ya yi nasara, ranar Laraba 28 ga wata ya zama firaminista. Kafin a nuna kashi na ƙarshe ranar 9 ga Disamba, mulkin shekara goma sha ɗaya da rabi ya zama tarihi.

Babu wanda ya shirya wannan dacewa, domin an ɗauki fim ɗin watanni kafin rikicin. Amma ta sa mutane suka kalle shi kamar ci gaban labaran ƙarfe tara. Michael Dobbs, marubucin littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, ya ce ofishin yaƙin neman zaɓen John Major ma tsayawa ya yi cak don a kalla. Dobbs ɗan gida ne. Shi ne shugaban ma'aikatan jam'iyyar a zaɓen 1987, kuma mako guda kafin zaɓen Thatcher ta yi masa tatas a gaban mutane a wani taro da hankula suka tashi. Ya tafi hutu tsibirin Gozo na ƙasar Malta da ciwon abin a ransa, ya rubuta haruffa biyu a takarda, F da U, waɗanda a Turanci gajarta wani zagi ne, daga nan aka haifi Francis Urquhart. Littafin ya fito a 1989. Andrew Davies ya mayar da shi wasan talabijin, Paul Seed ya ba da umarni.

Muƙamin Urquhart shi ne wanda 'yan jaridarmu ke kira bulaliyar majalisa ko mai tsawatarwa, kuma daga Ingila muka gaje shi. Asalin sunan daga farautar dila ne, mutumin da ke bin karnuka da bulala don kada su watse. Aikinsa ya tabbatar kowane ɗan majalisa ya zo ya kaɗa ƙuri'a yadda jam'iyya take so. Don haka dole ya san wa ke cikin bashi, wa ke shan giya, wa ke da ɗakin ɓoye. A 1995 Tim Fortescue, wanda ya yi aikin a zamanin firaminista Edward Heath, ya bayyana a wani shirin BBC cewa ɗan majalisar da ya faɗa cikin abin kunya yakan zo wurinsu, su kuma su fid da shi, saboda sun san daga ranar ya zama nasu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A cikin labarin, sabon firaminista Henry Collingridge ya ci zaɓe da ƙyar. Urquhart ya kai masa takardar shawarar garambawul, yana sa ran babbar ma'aikatar da aka yi masa alkawari. Collingridge ya yi masa godiya, ya ce babu wanda za a taɓa, ya ci gaba da riƙon bulala domin babu wanda ya iya ta kamarsa. Urquhart ya yi murmushi, ya fito. A nan Kawu ya yi wani gajeren nishi. Ya san wannan godiyar. Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya taɓa jin an yabe shi da ƙwarewa a ranar da aka tsallake shi.

Abin da rimot ya canza

Mai kallon 1990 yana da mako guda tsakanin kashi da kashi. A cikin makon zai karanta jarida, zai yi gardama a wurin aiki a kan wane minista ne ya fi kama da Urquhart, zai huce. Mai faifai a gida ba shi da wannan hutun, kuma ba shi da Thatcher da Heseltine da zai jingina wa labarin. Sunayen nan ba su ce wa 'yar Kawu komai ba. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya a cikin akwatin talabijin yana magana da kai, awa huɗu a jere, cikin daren da kowa ya yi barci.

Maganar nan da yake yi da mai kallo ita ce zuciyar shirin. Babu ita a littafin Dobbs yadda take a fim. Davies ya aro ta daga wasannin Shakespeare, musamman Richard na Uku, mugun da ke shaida wa 'yan kallo makircinsa kafin ya ƙulla shi. Ian Richardson, haifaffen Edinburgh a 1934, ya shafe shekaru yana irin waɗannan wasanni a kamfanin Royal Shakespeare, don haka ya san yadda ake jan zaren. Ba ya ɗaga murya. Ana tsakiyar taron ministoci sai ya ɗan waiwayo, ya ɗaga gira ɗaya, kai kuma ka ji dariya ta kama ka, domin kai kaɗai ka san abin da ke ransa a ɗakin. Ya samu lambar BAFTA ta gwarzon ɗan wasa a 1991, Davies kuma ya samu Emmy a Amurka. Richardson ya rasu a 2007, bayan fitowa a wasanni da yawa, amma da wannan girar ake tuna shi.

Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo mun san daɗin bin bayan mai wayo. Muna murna idan ya damfari Kura, muna jiran mu ga ta inda zai zille. Amma a tatsuniya akwai kaka zaune tsakaninmu da Gizo, ita ke riƙe da labarin, ita za ta kai shi inda zai sha kunya ya haye rufin ɗaki. A House of Cards Gizon ne da kansa yake ba da tatsuniyar. Shi yake gaya maka wane ne wawa, wane ne matsoraci, wane ne ya cancanci abin da zai same shi, kuma da yake sau da yawa gaskiyarsa ce, ba ka ankara lokacin da ka fara auna mutane da mudunsa.

Ya ɓad da kama ya buɗe asusu da sunan yayan firaminista, wani bawan Allah mashayi da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya sayi hannun jarin kamfanin magani dab da gwamnati za ta amince da maganinsa, don a ce sirrin gwamnati aka sayar. Muka yi dariya. Ya riƙa tsegunta wa wata matashiyar 'yar jarida, Mattie Storin, labarin da yake so ya fita, idan ta tambaye shi kai-tsaye sai ya ba ta amsar nan da ta zama karin magana a Birtaniya, mai nufin ke kina iya zaton haka, ni dai ba zan ce komai ba. Muka yi dariya. Collingridge ya sauka yana gode wa Urquhart a matsayin amini ɗaya da ya rage masa. Masu neman kujerar suka riƙa faɗuwa ɗaya-ɗaya, wannan da kaset ɗin ɗakin otal, wancan da tsofaffin hotuna. Tsakanin fage da fage ana nuno ɓeraye suna yawo a lungunan Landan, da ginin majalisa a bayansu. Har wajen sha biyun dare babu wanda ya ce a kashe janareta.

Kowa da abin da ya gani

Aminin Kawu tun kashi na farko ya ba Urquhart goyon baya, bai kuma janye ba. A wurinsa Collingridge ne mai laifi: shugaba mara ƙarfi, mai saɓa alkawari, wanda bai san darajar na ƙasa da shi ba. Namiji ya samu dama ya rama. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne. Da yawa daga masu ƙaunar shirin don Urquhart suke ƙaunarsa, suna kwaikwayon muryarsa, suna haddace amsoshinsa.

'Yar Kawu ta wata ƙofar ta shiga. Mattie take bi. Ranta ya ɓaci ganin yarinya mai kaifin basira, wadda ta fi kowa a gidan jaridarsu hango cewa akwai hannu a bayan faɗuwar firaminista, an sa ta makance a kan mutum ɗaya tilo da ya kamata ta tuhuma. Da soyayya ta shiga tsakaninsu, Mattie ta zaɓi ta riƙa kiransa baba, sai ta tashi ta fita tsakar gida na ɗan lokaci. Wannan ɓangare yana ƙona ran masu kallo na baya-bayan nan fiye da na da, kuma ina ganin suna da hujja. Akwai kuma Penny Guy, wadda aka miƙa wa wani minista kamar tukuici don a samu abin da za a riƙe shi da shi. Mace ɗaya ce ba a yi wasa da ita ba, Elizabeth, matar Urquhart, wadda Diane Fletcher ta fito a matsayinta. Ita ta fara sa masa kwaɗayin kujerar, ita ta ba shi izinin neman yarinyar don a riƙe ta da kyau. Fitowarta kaɗan ce, maganarta a taƙaice, amma wanda ya kalli zangon uku a jere zai gane tun farko wane ne ya fi wani taurin zuciya a gidan.

Kawu shi tsarin ya tsaya a kai. Ya riski Jamhuriya ta Farko yana yaro, lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke firaminista, don haka bai sha wahalar gane yadda za a sauya shugaban gwamnati ba tare da talaka ya kaɗa ƙuri'a ba. Ya tuna mana rikicin Jihar Yamma na 1962, da aka nemi cire firimiya Akintola da takardar sa hannun 'yan majalisa. Wannan shi ne abin da ke ɗaure wa Amurkawa kai idan sun kalli shirin, su da suka saba da wa'adin shekara huɗu, kamar yadda mu ma muka saba tun 1979. A Birtaniya 'yan majalisa ɗari uku da wani abu, a cikin ɗakunan da aka rufe, sun isa su sauke wanda ya ci zaɓe sau uku. Shi ya sa makirci ɗaya na mutum ɗaya zai iya kai shi gidan firaminista mai lamba 10 a cikin awa huɗu na fim ba tare da an ji ƙarya ta yi yawa ba.

Akwai ƙananan abubuwa da masu faifai ke ambata: hoton mai kusurwa huɗu irin na tsohuwar talabijin, manyan kwamfutoci, rikoda mai kaset a jakar 'yar jarida, duniyar da babu wayar hannu. Minti goma ake yi a manta da su.

Faifan da ya haifi kasuwa

Masu kallo a gida sun yi wani tasiri da ba su san sun yi ba. Netflix ya fara ne a 1998 da aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya, daga baya a cikin jar ambulan da aka san shi da ita, kafin ya koma nuna fim ta intanet a 2007. Kamfanin yana lissafin abin da kowa ya ara da abin da ya kalla har ƙarshe. Jaridun Amurka, ciki har da New York Times, sun ruwaito cewa lissafin ya nuna tsohon shirin BBC yana da masoya, kuma masoyan nan suna son finafinan darakta David Fincher da na Kevin Spacey. Da wannan ƙwarin gwiwa kamfanin ya zuba kimanin dala miliyan 100 a zango biyu ba tare da gwaji ba. Ranar 1 ga Fabrairu 2013 ya saki kashi 13 gaba ɗaya, yadda mai kwalin faifai ya saba kallo. Francis Urquhart ya koma Frank Underwood, Landan ta koma Washington.

Sai ruwa ya koma inda ya fito. Waɗanda suka gama na Amurka suka nemi na asali, aka shiga gardamar wanne ya fi. Na Amurka ya kai kashi 73 a zango shida, ya ƙare a 2018 babu Spacey, wanda aka sallama a 2017 bayan zarge-zargen da aka yi masa. Na Birtaniya gaba ɗayansa kashi 12 ne. Ni dai ina tare da masu cewa gajeren ya fi cizo. Underwood mutum ne mai fushi wanda ya taso cikin talauci, kana ganin yunwarsa a fuska, kana iya tsare kanka daga gare shi. Urquhart ɗan manya ne mai ladabi, mai raha, irin baƙon da za ka yi wa shimfiɗa a falo. Wahalar ƙin sa ita ce darajar fim ɗin.

Zango na biyu da na uku mun kalle su a wasu darare. To Play the King ya haɗa Urquhart, yanzu firaminista, da sabon sarki mai tausayin talakawa wanda ya kasa yin shiru. Michael Kitchen ya yi wasan ta yadda kowa ya ga Yarima Charles a ciki, shekara guda bayan an sanar da rabuwarsa da Diana. Wanda ya kalla bayan Satumba 2022, da Charles ya hau gadon, zai ji shi daban. Haka wanda ya san an buga wasiƙun da ya riƙa aika wa ministoci a 2015 bayan doguwar shari'a da jaridar Guardian. A falon Kawu kuwa babu wanda ya yi zancen Charles. Da aka tilasta wa sarkin sauka, dattawan biyu suka dubi juna, hira ta koma kan sauke sarakuna: Kano ta 1963 da ta 2020, da Sakkwato ta 1996. Tambayar ko sarki yana da bakin magana a gaban mai riƙe da gwamnati ba sai an fassara mana ita ba.

The Final Cut shi ne mai rauni a cikinsu, kuma yawancin masu kallo sun yarda da haka. Ya buɗe da jana'izar Thatcher alhali tana raye, abin da ya fusata Dobbs har ya nemi a cire sunansa. Ba ta rasu ba sai Afrilu 2013. Urquhart ya tsufa, burinsa ya zarce ta a yawan kwanaki kan mulki, ga alhakin wasu samari biyu da ya kashe a tsibirin Saifurus yana soja a 1956 ya biyo shi. Ƙarshensa harsashi ne, a wajen buɗe mutum-mutumin Thatcher, kuma matarsa ce ta shirya, don asiri ya rufu sunansa ya tsira. Aminin Kawu ya ce alhaki kwikwiyo ne. Kawu ya girgiza kai, ya ce mutumin da aka binne da girmamawar ƙasa bai biya komai ba.

Abin da ke damuna

An rubuta shirin ne don a kunyata masu mulki, sai masu mulki suka rungume shi. Amsar nan ta Urquhart ta shiga bakin 'yan majalisa na gaske, suna faɗinta a zauren majalisa ana dariya. Haka ya faru da Yes Minister a shekarun 1980, wasan barkwancin da ya yi wa ministoci da manyan sakatarori zambo: Thatcher ta ce shi ta fi so, har ta fito a wani ɗan guntun wasa tare da 'yan wasansa a 1984. Gavin Williamson, da ya zama bulaliyar majalisa a 2016, ya ajiye ƙaton gizo-gizo mai suna Cronus a ofishinsa, ya bar labarin ya bazu. A ranar 30 ga Yuni na shekarar, Michael Gove, shi ma tsohon mai riƙe da bulala, ya janye wa Boris Johnson tabarma da safe, sa'o'i kaɗan kafin lokacin da Johnson ya shirya ƙaddamar da takararsa ta shugabancin jam'iyya, kuma sunan Urquhart ne ya fara zuwa bakin masu sharhi. A Janairu 2022 ɗan majalisa William Wragg ya yi zargin ana yi wa masu son sauke Johnson daga kujerar firaminista barazanar hana mazaɓunsu kuɗin ayyuka da tona musu asiri a jarida. Johnson ya ce shi bai ga shaida ba. A shekarar Birtaniya ta yi firaminista uku.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai a koma a ɗauko faifan, a kalla, a ce ai dama haka suke. Wannan kalmar ce nake tsoro. Wanda ya yarda duk haka suke ya daina neman wanda ba haka yake ba, kuma mai makirci ba abin da yake so irin jama'ar da ta ɗauki makirci a matsayin ƙwarewa. Na ji matasa a nan gida suna yabon ɗan siyasa da cewa ya iya taku, ya iya kwana, alhali abin da suke nufi ya iya cin amana bai bar sawu ba.

Amma ba zan ɗora wa fim ɗin laifin ba, domin shi da kansa ya gina wa mai kallo rami, kuma a kashi na huɗu yake tura shi ciki. Wanda bai kalla ba ya yi mini afuwa, dole in faɗi ƙarshen.

Roger O'Neill, mai yi wa jam'iyya farfaganda, ɗan hodar iblis ne, kuma da wannan sirrin Urquhart ya mayar da shi yaron aike. Da ya fara rikicewa har ana tsoron bakinsa, Urquhart ya gayyace shi gidansa na ƙauye, ya cika shi da giya, ya yi masa alkawarin lambar girma. Mutumin na barci, ya buɗe hodarsa ya gauraya mata shinkafar ɓera. Yana yi yana duban mu, yana lallashinmu cewa jinƙai ne, cewa bawan Allah ya gaji da wahala. O'Neill ya mutu shi kaɗai a bayan gida, a wurin hutawar matafiya na kan babban titi. Falon Kawu ya yi tsit, sai ƙarar janareta.

A littafin Dobbs na farko, da asiri ya tonu Urquhart ne ya faɗo daga saman ginin majalisa ya mutu. Davies ya juya abin. Mattie ta hau saman ginin ta same shi, ta tambaye shi ko shi ya kashe O'Neill, ya amsa mata. Ta ce tana sonsa, ba za ta faɗa wa kowa ba. Ya ɗaga ta ya jefa ƙasa, tana kiransa da sunan nan da ta ba shi. Dobbs da kansa ya bi wannan ƙarshen a littattafansa na gaba, domin a raye Urquhart ya fi amfani. Sai ga shi a bayan mota za shi fadar Buckingham karɓar mulki. Ya dube mu, a karon farko ba ya son haɗa ido. Ya ɗan kare kansa, sannan fuskarsa ta rufe, ya ba mu amsar nan da yake ba 'yan jarida, wadda muka yi awa huɗu muna yi wa dariya. Wani hannu da ba a nuna mai shi ba ya ɗauke rikodar Mattie daga inda ta faɗi.

Aminin Kawu ya ce ai da ta yi shiru. 'Yar Kawu ta dube shi, ba ta ce komai ba saboda girmansa. Kawu ya miƙo hannu.

"Ba ni rimot ɗin nan."

Ya ce so yake ya ga daidai inda ya kamata a ce ya rabu da mutumin. Muka tariyo zuwa wurin shinkafar ɓera, ya ce a'a, nan kowa ma zai rabu da shi. Muka koma kan kaset ɗin otal, ya ce kafin nan. Muka koma inda aka ƙulla wa mashayin nan sharri, ya daɗe yana kallon fuskar mutumin, ya ce shi a lokacin har tafa hannu ya yi. Ƙarfe ɗaya ta wuce, man janareta ya kusa ƙarewa, amininsa ya yi sallama ya tafi. Kawu ya sa na mayar da faifan farkonsa. Dattijon ya sake ɗaukar hoton, ya sake kifa shi, ya ɗago ido. Kawu ya danna tsayawa, ya gyara zaman tabarau, ya matso da kujerarsa kusa da talabijin.